Ranar da Na Kashe Muryar Kwamfutar Adda

Kwamfutar Adda ba ta da allo. Wato allon yana nan, amma baƙi ƙirin yake, da tsaga tun daga wannan kusurwa har waccan. A haka ta saye ta a kasuwar Dutse shekara uku da suka wuce. Mai shagon ya yi ta ba ta haƙuri yana cewa akwai masu lafiya, ita kuwa ta ce masa, "Malam, ni da allon nan duk ɗaya muke, miƙo min ita." Ya rasa ko dariya zai yi ko salati.

Adda yayata ce, 'yar farin Inna, ni kuma auta. Ƙyanda ce ta tafi da ganinta tana shekara shida, tun iyayenmu suna ruga a gefen Taura, kafin Baba ya samu aiki su dawo unguwar Takur a Dutse. Lokacin ko cikina ba a yi ba. Saboda haka ni ban san wata Adda mai gani ba. Wadda na sani ita ce mai gane takun kowa tun daga soro, mai gane na kurɓar mata shayi daga nauyin kofin.

Akwai wata manhaja a cikin kwamfutar da take karanta mata duk abin da mai ido zai gani. Ta danna harafi, a faɗa mata. Ta buɗe takarda, a karanto mata. Muryar namiji ce, da Turanci, kuma Adda ta ƙure mata gudu har ni da na gama sakandare da kiredit a Turanci ba na tsintar ko kalma ɗaya. Inna ta sa wa muryar suna Bature. Da yake ba ta kiran sunan Adda, ba ta ma cika yi mata magana kai tsaye ba saboda kunyar 'yar fari, sai ta ce da ni, "Auta, ce wa waccan ta rage wa Baturenta baki, kaina na ciwo." Alhali Adda tana zaune taku biyu daga inda take.

Bana Adda take gama karatunta na koyar da yara masu buƙata ta musamman. Kundin kammalawarta a kan iyayen yara makafi ne a ƙauyukan Kiyawa da Taura, yadda suke rainon yaran da abin da ke hana su kai su makaranta. Ni ce 'yar rakiya. Tun rani muke hawa acaɓa mu biyu a bayan mutum ɗaya, muna shiga gidaje. Mata goma sha huɗu ta yi hira da su, wasu da Hausa wasu da Fulatanci, tana naɗa a waya. Duk ranar da muka dawo sai ta juye hirar cikin kwamfuta ta goge ta wayar, don wayar ba ta da wuri. Babi biyar ta rubuta. Na huɗun shi ne maganganun matan, shi ya fi ba ta wahala. Ranar Alhamis ce ranar ƙarshe ta miƙa wa malamin da ke duba aikin. Wanda bai miƙa ba sai baɗi, kuma makarantar da ta yi mata alkawarin aji a Kiyawa ba za ta jira ta shekara guda ba.

Ranar Asabar da safe ta kunna kwamfutar, Bature bai ce komai ba.

Fanka tana juyi, 'yar fitilar gefe tana ƙiftawa, amma shiru. Ta kashe ta kunna ya fi sau goma. Muka ɗauke ta zuwa wurin wani mai gyara. Ya haɗa ta da allonsa, ya ce babbar manhajar da kwamfutar take tashi a kanta ce ta lalace, maganinta fomatin.

"Kayan ciki fa?" in ji Adda.

"Hajiya, ai fomatin wanka ne, komai tafiya yake. In kuma sai an ciro su, ku bar ta nan ku dawo wani satin, aiki ya yi min yawa."

Ni yake kallo yana ba ta amsa. Ta miƙa hannu ta lalubo kwamfutarta, ta zare wayarsa da kanta, ta ce mu tafi.

A cikin adaidaita sahu ta kira Malama. Malama wata makauniya ce a Haɗeja, ta girmi Adda sosai, suna zaure ɗaya a waya na makafi masu aiki da kwamfuta. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani, mai kauri, kullum da dariya a ƙarƙashi. Ta daɗe tana jan Adda zuwa Linux. Takan ce manhaja ce ta kowa da kowa, ba mai sayar maka, ba mai hana ka buɗe cikinta ka gyara, kuma tana zuwa da nata mai karatun tun daga filash, makaho zai iya ɗora ta da kansa. Adda kullum sai ta ce bari ta gama kundi tukuna.

"To ga shi kundin ya kawo ki," in ji Malama. Ina ji, don Adda a bayyane take sa waya. "Saurara da kyau, ƙanwata. Aiki biyu ne, kuma ba a juya su. Na farko, ki tashi kwamfutar daga filash ba tare da kin ɗora komai ba. Linux ɗin zai zauna a filash ɗinsa kamar baƙo a zaure, ya miƙo miki kayanki daga ciki, ki kwashe su kaf zuwa wani wuri. Sai kin ji babi biyar ɗinki da kunnenki a sabon wurin, sannan aiki na biyu, ki share ciki ki ɗora sabo. Kin ji?"

"Na ji, Malama."

"Maimaita."

Ta maimaita. Kafaɗata tana gogar tata, na ji duka. Wannan nake so a sani, domin daga baya Inna ta yi ta cewa ai yarinya ce, ba ta sani ba. Na ji. Kawai ban ɗauka maganar ta shafe ni ba, hankalina yana kan wayata.

Lahadi da hantsi na je tasha na karɓo saƙo wurin direban motar Haɗeja. Malama ta naɗe filash ɗin da wata 'yar ma'ajiya ta zuba kaya a tsumma, ta cusa su cikin ledar bandar kifi, wai don kada direba ya raina saƙon ya yar. Har yau filash ɗin ƙarnin tarwaɗa yake.

Wuri ɗaya ne a duk aikin da kwamfuta ba ta magana, daidai lokacin da aka kunna ta, kafin kowace manhaja ta tashi, inda ake gaya mata ta bi filash. Nan ake buƙatar ido. Idona kuwa ba shi da amfani a kan mataccen allo. Sai muka kai ta falo, muka zare wayar dikoda muka haɗa ta da talabijin. Baba ya tafi ruga duba shanu tun Juma'a, Inna tana kicin tana fama da kifin.

Rubutu ya fito, fari a kan shuɗi. Na ji wani irin daɗi. Shekara uku ina ganin kwamfutar nan kamar rufaffen akwati, yau ga cikinta a bango.

"Karanto min layi-layi," in ji Adda. "Kada ki taƙaita, kada ki fassara."

Na karanto. Ta danna ƙasa sau biyu, ta danna shiga. Wani ɗan zobe ya fara juyi a tsakiyar talabijin.

"Me yake yi?"

"Juyi."

"To mu bar shi ya yi juyinsa. Daga nan na sallame ki, Auta, aikinki ya ƙare."

Ana cikin wannan juyin ladanin masallacin layinmu ya kira Azahar. A gidanmu doka ce tun ina rarrafe, in ladan ya ɗaga murya duk abin da ke magana ya yi shiru, rediyo ne, talabijin ce, waya ce. Baba ba ya faɗa sau biyu. Hannuna ya saba har ba ya shawara da ni. Na ɗauki rimot na danna maɓallin kashe murya na ajiye, ina amsa kiran salla a zuci. Ba abin da talabijin ɗin take faɗa a lokacin, amma na danna. 'Yar alamar ja ta fito a kusurwa, wadda nake gani kullum har idona ya daina lura da ita. Wallahi da za a tambaye ni bayan minti ɗaya ko na taɓa rimot, zan rantse ban taɓa ba.

Abin da ba mu sani ba, ni da Adda duka, wayar da muka haɗa ba hoto kaɗai take ɗauka ba. Har murya take kaiwa talabijin.

Zoben ya tsaya, hoto ya fito mai kyau da akwati a tsakiya. Na ce mata ya buɗe. Ta danna maɓallai ukun da Malama ta koya mata na tashin mai karatu, ta karkata kai. Shiru. Ta sake dannawa. Shiru.

"Wayyo," ta ce. "Dannawa ɗaya kunnawa ce, ta biyu kashewa. Yanzu ban ma san a ina na bar shi ba."

Ta lissafa, ta danna na uku. Ta ƙara murya a madannai har ƙarshe. Ta kara kunnenta a jikin kwamfutar. Na ga gumi ya tsatstsafo a saman leɓenta. Ban taɓa ganin Adda tana tsoron na'ura ba sai ranar. Ta kira Malama, ba ta ɗauka ba, salla ake.

"Bari in yi salla in dawo. Ke fa?"

"Ina fashi."

"To zauna ki yi gadi. Kada ki taɓa komai, kin ji ko? Ko ƙuda ne ya sauka a kai ki bar shi."

"Sai ka ce wata yarinya."

"Ai ke ce."

Ta shige ɗaki, aka bar ni da akwatin nan. Maɓalli biyu ne a cikinsa, ɗaya na gwadawa, ɗaya na ɗorawa. Gumin nan na leɓenta ya ƙi barin raina. Na ce ita ba ta ji, ni kuwa ina gani, me zai hana in ƙarasa mata, ta sallame ta tarar an gama? Na ɗauka in aka ɗora shi sosai dole zai yi magana. Sau nawa na saita sabuwar waya, ta Inna, ta maƙwabta? Gaba ake dannawa, gaba, gaba, har a kai. Kuma in dai gaskiya zan faɗa, ina so ko sau ɗaya in zama wadda ta iya abin da Adda ta kasa. A gidanmu ita ce mai kai. Ni ido ce kawai da ƙafa.

Na sa yatsa a ɗan faifan da ake shafawa, wanda Adda ba ta taɓa amfani da shi. Kibiya ta motsa. Na danna na ɗorawa. Ya tambayi harshe, na danna gaba. Ya tambayi madannai, gaba. Ya kawo wani shafi mai zaɓi, na ɗauki na sama na wuce. Sai wani ƙaramin akwati ya fito da rubutu mai ɗan tsawo. Na ga kalmomin, na san su, ba wadda ta fi ƙarfina. Ban dai karanta su a jere ba. Irin akwatunan nan kullum suna fitowa a waya, kullum kuma mutum cewa yake to. Na ce to.

Da muryar tana nan, da duk shafin da na buɗe sai an karanto shi da ƙarfi a falon, kuma ɗakin da Adda take salla labule ne kawai a tsakani. Da ta yanke sallar ta fito tun a shafin farko.

Wani layi ya fara cika daga hagu. Na gyara zama ina jin kaina.

Inna ce ta shigo neman ashana, hannunta duk mai. Ta kalli talabijin ta ga alamar ja. "An idar da kira tun yaushe, kun bar abu bebe." Ta ɗauki rimot da gefen zaninta ta danna.

Murya ta fashe a falon. Ba Bature ba ne, wani ne daban, mai magana ta hanci kamar daga cikin gwangwani, a hankali, yana faɗin ana kwafar fayiloli. Inna ta ja da baya tana salati. Ni kuwa murna na yi! Na ɗaga murya na ce, "Adda, ya yi magana!"

Ta riga ta fito. Hijabi a jikinta, carbi a hannu. Ba ta lalubi bango ba, ba ta lalubi kujera ba, ta zo kai tsaye ta durƙusa, ta danne maɓallin kashewa ta riƙe har fankar ta tsaya.

"Me kika danna?"

"Na ga ba ya magana ne, shi ne na ce bari in..."

"Ban tambaye ki me kika gani ba. Me kika danna?"

Na faɗa mata ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan ƙaramin akwatin ta ce, "Me ya ce?" Na ce ban karanta ba.

"Ba ki karanta ba."

"A'a."

"Ke da aka ba idanu biyu."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta tambayi minti nawa layin ya yi yana tafiya. Na ce kamar uku, ko biyar. Ta ce, "Uku ko biyar?" Ban sani ba. A nan ne maganar Malama ta cikin adaidaita ta dawo min gaba ɗaya, har da muryarta. Na fita da gudu na yi amai a bakin rariya.

Da na dawo Malama ce a waya, wannan karon babu dariya. Ta ce share ma'ajiya kamar a yage takardar da ke nuna ɗakin kowa ne a babban gida, mutanen suna nan, sai dai ba a san wane ne a ina ba. Amma sabon da aka fara ɗorawa ya riga ya zauna a kan wasu, waɗannan sun tafi, ba mai dawo da su. Ko nawa ne, sai an duba.

"Kada a sake rubuta ko ɗigo a cikinta. Wa ya danna?"

Adda ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuwa na fashe da kuka.

"To, na gane," in ji Malama. "Autar, kina ji na? Kuka ba zai dawo da komai ba. Zare wayar talabijin ɗin nan, ki kawo wa yayarki ruwa."

Da aka zare wayar, murya ta dawo cikin kwamfutar. Wannan karon ba a nemi idona ba, tunda na share abin da ke ciki ba ta da inda za ta bi sai filash. Malama tana faɗa, Adda tana bugawa, sabuwar muryar tana maimaitawa harafi-harafi. Akwai wata manhajar tono da Malama ta sa a filash ɗin, mai bin ma'ajiya daga farko har ƙarshe tana tsinto duk abin da ya yi kama da takarda ko sauti ko hoto, tana zubawa a ɗaya ma'ajiyar. Ta fara bayan La'asar, ba ta gama ba sai Litinin da hantsi. Wuta ta ɗauke a tsakani, aka koma kan 'yar solarmu. Inna ta kashe fanka, ta hana kowa cajin waya, ba ta ce don me ba. Miyar kifin nan kuwa maƙwabta aka kai wa.

Abin da ya fito dubbai ne, kuma babu mai suna, lambobi ne kawai. Hotunan biki, karatun Alƙur'ani, tsoffin aikin aji, guntayen abubuwa da ba sa buɗuwa. Dole a buɗe kowanne a ji. Adda ta ware takardu gefe, sautuka gefe, ta sa iyafis a kunne ɗaya. Ta buɗe, ta ji layin farko, ta rufe, ta wuce. Ni ina zaune a bakin ƙofa. Ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba. Duk sanda yatsunta suka tsaya sai numfashina ya tsaya.

Babi na ɗaya ya fito kafin La'asar, har kwafi uku, sai da ta saurari kowanne ta gane na ƙarshe. Na biyu da na uku kafin Magariba. Na biyar Talata da safe. Takan ce "uku" kawai, ba da kowa ba, ta ci gaba. Hirarrakin ma suka riƙa fitowa. Waɗannan takan zare iyafis ta bar su su yi a fili, kwatsam sai muryar wata mata ta Kiyawa ta cika ɗakin, da kukan akuya a bayanta, da tawa muryar can nesa ina cewa yara su matsa. Tara suka tsira cikin sha huɗu.

Babi na huɗu ya fito Talata da yamma. Ta saurara, ta saurara, sannan ta ajiye iyafis ɗin a cinya. Tsohon ne, na wata biyu baya, shafi shida. Wanda ta gama ya haura talatin. Ta bi sauran lambobin har na ƙarshe. Babu.

Na rarrafa na dafa ƙafarta. "Adda, don Allah ki doke ni."

Ta janye ƙafar. "In na doke ki ya dawo?"

"Ai ina wurin duka. Na tuna abin da matan biyar suka ce. In faɗa miki ki rubuta."

"Kin tuna, ko kina jin kin tuna? Ba zan sa wa mace magana a baki ba don ƙanwata tana jin kunya. Tashi min daga ƙafa."

Ranar Laraba Adda ta wuni tana bugawa daga taran da suka tsira, a kan Linux ɗin da ke zaune a filash, don babu lokacin ɗora shi. Sabuwar muryar tana karanta kalmomin Hausa da na Fulatanci kamar mai tauna tsakuwa. Manhajar rubutun ma sabuwa ce, maɓallanta ba duka ne suke inda ta saba ba, sau biyu tana kiran Malama. Wuyan hannunta ya sage. Inna ta ba ni man zafi ta ce, "Kai wa waccan." Shafi goma sha tara ta samu.

Alhamis muka buga kundin a shago muka kai ofis. Malamin dattijo ne mai tabarau. Ya juya, ya juya, ya koma baya.

"A babi na uku kin ce mata goma sha huɗu. Nan tara nake gani."

Adda ta gyara zama, ta buɗe baki. Ni kuwa tsoro ya riga ya cika ni, na ga shekararta za ta tafi a kan teburin nan, kawai sai na ji bakina yana zuba. "Ranka ya daɗe, ni ce, wallahi ba laifinta ba ne, ni na goge, ita ba ta gani, ba ta san na danna ba, don Allah a tausaya mata." Ina faɗa ina kuka.

Ya cire tabarau ya kalle ni, ya kalli Adda. Muryarsa ta yi laushi irin wadda ake yi wa mara lafiya. Ya ce Allah sarki, ba komai, zai karɓa a haka, a bar shi a taran, ai an ma yi ƙoƙari a halin da ake ciki.

"A'a, Malam," in ji Adda. "Ba a haka nake so a karɓa ba. A rubuta na miƙa yau, a ba ni zuwa ranar da za a kai wa mai dubawa na waje. Zan koma wurin mata biyar ɗin."

Ya ce kwana goma sha biyu ne kacal, kuma damina ce, hanyoyi sun lalace. Ta ce ta sani. Ya daɗe yana juya biro a hannu. Sannan ya buɗe littafinsa ya rubuta, ya ce in ranar ta zo babu cikon, da taran za a tafi, kuma makin tara za ta samu. Ta ce ta yarda.

Sai da muka fito har bakin titi ta tsaya, ta saki gwiwar hannuna.

"Wa ya aike ki?"

"Tsoro na ji, Adda."

"Ranar Lahadi da hannu kika shiga gabana, yau da baki. Ina da abin da zan gaya masa, tun jiya na shirya shi. Kin ji yadda muryarsa ta koma? Shekara nawa ina zama a ajinsa, bai taɓa yi min wannan muryar ba sai yau."

Motoci suna wucewa, mai rake yana kallonmu.

"Tsoronki naki ne. Ki riƙe abinki, ki daina zuba min shi a kan aiki."

Adaidaita ta tsaya a ɗaya hannun. Ta sake kama gwiwar hannuna muka tsallaka.

Yau kwana takwas. Washegarin ranar ta ɗora Linux ɗin da kanta, ƙofa a rufe, ban ma san lokacin ba sai da na ji sabuwar muryar tana gudun da ba na ganewa. Tana yi min magana, tana aikena, jiya har ta tsokane ni a kan ɗaurin ɗankwalina da ta shafa ta ce kamar na mai tallan fura. Amma in ta tashi salla sai ta rufe kwamfutar ta shiga da ita ɗaki.

Mun samu uku daga cikin biyar ɗin. Ɗaya ta tafi wankan jego gidan iyayenta a wani gari, mijinta ya yi alkawarin haɗa su a waya, har yanzu shiru. Ta ƙarshen tana rugar da ke hayin rafi a bayan Taura. Shekaranjiya muka je, ruwa ya cika, ɗan acaɓa ya ce ko nawa za a ba shi ba zai shiga ba, muka juyo. Baba ya ce gobe za a jira mu da amalanken shanu, in dai ba a ƙara ruwa ba. Kwana huɗu suka rage. Tun La'asar hadari yake haɗuwa ta gabas, na fita tsakar gida na duba ya fi sau shida. Ɗazu Adda ta jiyo takuna ta ce, "Yaya yake?" Na so in ce mata ya watse. Na ce ya ƙara baƙi, kuma iska ta fara.